Aiki a Babban Kamfanin Manhaja: Ga Zaƙi Ga Harbi

A watan Afrilun 2021 kamfanin Twitter ya sanar da cewa zai buɗe ofishinsa na farko a nahiyar Afirka, kuma ya zaɓi birnin Accra na ƙasar Ghana. Shugaban ƙasar na wancan lokaci, Nana Akufo-Addo, da kansa ya yi maraba da labarin. Aka ɗauki ma'aikatan da ba su kai ashirin ba, suka fara aiki daga gidajensu. Sai a farkon watan Nuwamban 2022 suka tare a ofishin. Ko mako guda ba su yi a cikinsa ba aka sallami kusan dukkansu, domin Elon Musk ya sayi kamfanin a ƙarshen Oktoba kan dala biliyan 44, ya kuma yanke shawarar rage kusan rabin ma'aikatansa a duk duniya. Babu wanda ya ce mutanen Accra sun yi laifi, ko kuwa ba su iya aiki ba. Duk da haka sai da suka shafe fiye da shekara suna bin kamfanin ta hannun lauyoyi kafin a biya su haƙƙinsu na sallama.

Na fara da wannan labari ne saboda kusan duk matashin da ya soma koyon gina manhaja a Kano ko Zariya ko Maraɗi, in ka tambaye shi babban burinsa, zai ambaci Google ko Microsoft ko Meta ko Amazon. Burin yana da kyau, kuma ban ga dalilin sare wa kowa gwiwa ba. Abin da ke damuna shi ne idon da muke kallon waɗannan kamfanoni da shi. Da yawanmu muna ɗaukar su kamar yadda iyayenmu suka ɗauki aikin gwamnati: ka samu shiga, ka zauna, ka yi ta hawa matakai har ka yi ritaya. A manyan kamfanonin manhaja lamarin ya sha bamban da haka.

Ra'ayina shi ne: in ka samu dama ka shiga, musamman a shekarun farko na sana'arka. Amma ka shiga da zuciyar ɗan ci-rani, wanda ya san abin da ya kawo shi gari, yana tara abin da zai tara, kuma bai manta cewa akwai ranar komawa ba. Ga dalilaina.

Maganar kuɗi

Mu fara da abin da kowa ya fi son ji. Kamfanonin nan suna biyan albashi mai tsoka, kuma ba sa jinkirta shi. A Amurka, injiniyan da ya fito daga jami'a ya samu gurbi a ɗayansu yakan fara da fiye da dala 100,000 a shekara. Ban da albashin wata akwai ladan ƙarshen shekara, akwai kuma hannun jarin kamfanin da ake ba ma'aikaci a matsayin wani ɓangare na haƙƙinsa. Ga inshorar lafiya ta mutum da iyalinsa, ga hutun haihuwa na uwa da na uba, a wasu ofisoshin har abinci kyauta ake ci. Duk wanda ke ɗauke da nauyin iyaye da ƙanne ya san darajar albashin da ba ya fashi.

Sai dai kafin mai karatu ya ɗauko kalkuleta ya buga kuɗin da canjin naira ko sefa, akwai abu biyu da ya kamata ya sani. Na farko, albashin yana bin garin da kake zaune ne. Injiniyoyi biyu masu mataki ɗaya, ɗaya a Kalifoniya ɗaya a Nairobi ko Bangalore, ba abu ɗaya suke karɓa ba. Na biyu, inda albashi ya yi yawa nan ne haraji da haya suka fi cin kuɗi. A birnin San Francisco, hayar gida mai ɗakin kwana ɗaya tana iya kai dala 3,000 a wata. Abin da ke saura bayan an cire waɗannan har yanzu da auki, amma bai kai yadda ake kururutawa a majalisa ba.

Makarantar da ake biyan ɗalibi

A wurina, abin da ya fi albashi daraja shi ne horon da mutum ke samu. Wanda ya koyi gina manhaja shi kaɗai a ɗaki, ko a kamfanin mutum uku, yawanci babu mai duba abin da ya rubuta. In manhajar ta tashi ta yi aiki, an gama. A babban kamfani ba haka ake yi ba. A shekarar 2016 injiniyoyin Google suka bayyana cewa mafi yawan layukan umarnin da aka gina manhajojinsu da su, wato abin da masu sana'ar ke kira kod, suna ajiye ne a rumbu guda, kuma yawansu ya kai layi biliyan 2. Ƙa'idar wurin ita ce gyaran da ka yi ba zai shiga rumbun ba sai wani injiniya ya karanta ya amince. Ka ƙaddara kowace rana akwai wanda ya fi ka sani yana bin aikinka layi-layi, yana nuna maka inda ka yi sake da inda za ka taƙaita. Shekara biyu a irin wannan yanayi tana gyara hannun mutum fiye da dogon zama shi kaɗai.

Abu na biyu da ake koya shi ne aiki da jama'a masu ɗimbin yawa. Manhajar da mutum ɗari ke amfani da ita daban take da wadda mutum biliyan ke amfani da ita. Kuskuren da ke aukuwa sau ɗaya cikin miliyan, a ƙaramar manhaja wataƙila ba za a taɓa ganinsa ba. A manhaja mai mutum biliyan ɗaya kuwa, mutum dubu ne zai shafa. Shi ya sa ake koya wa injiniya yadda zai rubuta gwaje-gwajen da kwamfuta ke gudanarwa da kanta kafin a saki gyara, da yadda ake fara sakin sabon abu ga ƙaramin kaso na jama'a a ga yadda ya yi, da yadda ake janye shi cikin gaggawa in ya kawo matsala.

Masu sayar da kaya ta WhatsApp ba za su manta da ranar 4 ga Oktoban 2021 ba, lokacin da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kimanin awa shida. Ba masu kutse ba ne suka jawo haka. Wani umarni ne da aka bayar yayin aikin gyara ya yanke hanyoyin da ke haɗa cibiyoyin bayanan kamfanin. Haka kuma ranar 19 ga Yulin 2024, wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama suka kasa tashi, ayyukan bankuna da asibitoci suka tsaya. Bayan irin wannan, al'adar da ta yaɗu a manyan kamfanoni ita ce a zauna a rubuta rahoton abin da ya faru daki-daki, ba don a nemo wanda za a hukunta ba, sai don a gano inda tsarin ya bar ƙofa a buɗe. Wanda ya taɓa zama a irin wannan taro ya koyi darasin da ba a samu a bidiyon koyarwa.

Sannan ga abokan aiki. Da yawa daga kayan aikin da magina manhaja ke amfani da su kullum daga waɗannan gidaje suka fito: TypeScript daga Microsoft a 2012, React daga Facebook a 2013, Kubernetes daga Google a 2014. In kana ciki, mutanen da suka ƙirƙiro irin waɗannan abubuwa suna nan a jerin sunayen ma'aikata, kana iya aika musu saƙo ka yi tambaya.

Akwai wata fa'ida da ta shafe mu kai tsaye. A watan Disamban 2013 aka saka Hausa a Google Translate, a 2016 kuma Facebook ya fara aiki da Hausa. Irin wannan shawara a cikin kamfani ake yanke ta. A can ne ake tantance ko haruffan ƙ da ɗ da ɓ za su fito daidai a allon waya, ko injin bincike zai gane cewa "ƙasa" daban take da "kasa", ko manhajar da ke sauraren murya za ta fahimci Bahaushe in ya yi magana. In babu ɗanmu ko ɗaya a ɗakin da ake wannan lissafi, sai dai mu karɓi abin da aka miƙo mana. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa muna bukatar mutanenmu a ciki.

Na ƙarshe a jerin zaƙin shi ne suna. Shekara uku a kamfanin da duniya ta sani tana buɗe ƙofofi. Masu ɗaukar aiki sukan kira ka intabiyu ba tare da dogon bincike ba, masu zuba jari kuma sukan saurare ka in ka zo da shawarar kafa naka. Ko daidai ne ko ba daidai ba, haka kasuwar take.

Inda harbin yake

Microsoft na da ma'aikata fiye da 200,000, Alphabet mai mallakar Google kuma fiye da 180,000. A cikin irin wannan taro, abin da za a damƙa maka ɗan ƙarami ne. Ana iya cewa kana aiki a manhajar da duniya ke amfani da ita, alhali rabonka a ciki shi ne shafi ɗaya a sashen saituna, ko wani bututun bayanai da babu mai ganinsa. A 2009 wani babban mai zayyana fasalin shafuka, Douglas Bowman, ya bar Google, kuma cikin abubuwan da ya koka da su har da yadda aka tsaya gwada launin shuɗi iri 41 don a zaɓi guda. Kamfani yana da hujjarsa, tunda ƙaramin bambanci a wurinsa kuɗi ne masu yawa. Amma ga mutumin da ya shigo da ɗokin gina sabon abu, irin wannan aiki yana kashe jiki.

Ga kuma jinkiri. Abin da za ka gama cikin kwana biyu a ƙaramin kamfani, a nan sai ya bi ta hannun lauyoyi, da masu kula da tsaro, da masu kula da sirrin bayanan jama'a, da wasu rukunan ma'aikata da gyaran zai shafa. Kowanne da layinsa na jira, kowanne da taronsa. Mun ga dalilin wannan taka-tsantsan a sama, kuma dalili ne mai ƙarfi. Amma ka kwatanta: lokacin da Facebook ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan 1, ma'aikatansa 13 ne. Lokacin da ya sayi WhatsApp a 2014 kan dala biliyan 19, ma'aikatansa 55 ne, suna hidimar mutum kimanin miliyan 450. Kowane ɗaya daga cikinsu ya san manhajar daga tushe har reshe. Eric Yuan kuwa babban injiniya ne a Cisco, ya kawo shawarar a sake gina manhajar taron bidiyo yadda za ta dace da wayoyin zamani, ba a karɓa ba. Ya fita a 2011 ya kafa Zoom.

Sai batun ƙarin girma. Manyan kamfanoni suna jera injiniyoyi mataki-mataki, kuma hawa daga wannan zuwa wancan yana bukatar hujja a rubuce: me ka gina, wa ya amfana, wa zai shaide ka. Sau da yawa waɗanda za su yanke hukunci ba su taɓa zama da kai ba, takarda kawai suke gani. Wannan tsari yana haifar da abu biyu. Na farko, mutane sukan guje wa aikin kula da tsohuwar manhaja da gyara ƙananan kurakuranta, su ruga wajen ƙaddamar da sabon abu, saboda shi ne ke cika takarda. Na biyu, iya aiki kaɗai ba ya isa, sai an iya tallata shi. A nan ne tarbiyyarmu ta kunya da kawaici take iya cutar da mu. An koya mana cewa yabon kai jahilci ne, amma a can wanda bai faɗi abin da ya yi ba, kamar bai yi ba ne. Kuma tsarin auna ma'aikata na iya zama mai tsanani. Har zuwa Nuwamban 2013, Microsoft na amfani da wani tsari da ke tilasta wa manajoji jera ma'aikatansu daga na sama zuwa na ƙasa, ta yadda dole a samu waɗanda za a kira marasa ƙoƙari ko da kowa ya yi ƙoƙari. Kamfanin da kansa ya soke shi bayan koke-koken cewa yana mai da abokan aiki kishiyoyin juna.

Ko ka yi sa'a ka samu aikin da kake so, ba kai ke da ikon rayuwarsa ba. Google ya rufe Google Reader a 2013, ya rufe Google+ a 2019, ya rufe dandalin wasanni na Stadia a farkon 2023. Bayan kowanne akwai injiniyoyin da suka ba da shekarunsu. Wata safiya aka ce an sauya alƙibla.

Akwai kuma wani tarko da ba a cika maganarsa ba. Manyan kamfanoni suna da kayan aikinsu na cikin gida waɗanda babu su a waje. Komai an tanada: akwai masu kula da uwar garke, akwai masu kula da rumbun bayanai, akwai masu magana da kwastomomi. Kai dai ka rubuta naka ka miƙa. Mutum na iya yin shekara bakwai a haka, ya fito ya tarar bai san yadda ake ɗora manhaja a intanet daga farko zuwa ƙarshe shi kaɗai ba, bai taɓa zama da mai sayen kaya ya ji kokensa ba, bai san yadda ake tsayar da farashi ba. Ya ƙware ƙwarai, amma a gida ɗaya.

Girman kamfani ba garkuwa ba ne

Yanzu mu koma inda muka fara. A watan Nuwamban 2022 Meta ya sallami ma'aikata 11,000, ya kuma sanar da ƙarin 10,000 a Maris ɗin 2023. A watan Janairun 2023 Microsoft ya sanar da rage 10,000, Google 12,000, Amazon 18,000, kuma Amazon ya ƙara 9,000 bayan wata biyu. Wasu ma'aikatan ta imel suka samu labari, wasu kuwa sun gane ne da suka ga an rufe musu hanyar shiga kwamfutar aiki.

Abin lura a nan shi ne kamfanonin ba karyewa suka yi ba. Alphabet ya ci ribar kusan dala biliyan 60 a 2022. Microsoft ya sake sallamar dubban ma'aikata a watannin Mayu da Yulin 2025, a lokacin da ribarsa ta shekara ta haura dala biliyan 100. An ɗauki mutane da yawa lokacin annobar korona da kasuwar intanet ta haɓaka, da abubuwa suka lafa masu hannun jari suka nemi a rage kashe kuɗi, daga baya kuma aka karkatar da dukiya zuwa gina cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira. A irin wannan lissafi ba a tambayar wane ne ya fi ƙoƙari. Sashe ake dubawa, a ce a rage shi ko a rufe shi.

Ofisoshin da ke nesa da hedikwata kuwa sukan fi saurin shiga wannan lissafi. A 2019 Microsoft ya ƙaddamar da cibiyar injiniyoyinsa ta Afirka mai rassa biyu, Nairobi da Legas, da alƙawarin zuba dala miliyan 100 cikin shekara biyar. A watan Mayun 2024 aka samu labarin rufe reshen Legas. Wanda ya ƙetare zuwa Amurka ma yana da nasa zullumin. Da yawa daga baƙin injiniyoyi suna zaune ne da bizar H-1B, wadda ke ɗaure da kamfanin da ya ɗauke ka. In aka sallame ka, kwana 60 kake da su ka samu wani kamfanin da zai ɗauki nauyinka, ko ka sauya matsayin zamanka, ko ka tattara iyali ka bar ƙasar. Mai irin wannan biza ba ya cika ɗaga murya a ofis, kuma kowa ya san dalili.

Hannun jarin da muka ambata shi ma yana da igiya a jikinsa. Ba a miƙa maka shi lokaci guda, ana sakinsa ne kaɗan-kaɗan, yawanci cikin shekara huɗu. Tsarin da aka san Amazon da shi shi ne kashi 5 cikin 100 a shekarar farko, 15 a ta biyu, 40 a ta uku, 40 a ta huɗu. In ka tafi bayan shekara biyu, kashi 80 ka bari. Kafin na farko ya ƙare kuma an ƙara maka wani, don haka kullum akwai kuɗin da za ka yi asara in ka fita. Da haka mutum ke zama a aikin da ya fita masa a rai, yana cewa bari dai shekara mai zuwa. Brian Acton, ɗaya daga waɗanda suka kafa WhatsApp, ya bar Facebook a 2017 saboda saɓani kan yadda za a riƙa samun kuɗi da manhajar, kuma mujallar Forbes ta ruwaito cewa ya bar hannun jari na kimanin dala miliyan 850. Shi yana da abin da zai koma wa. Ba kowa ke da wannan ba. Kuma darajar hannun jari tana hawa tana sauka: na Meta ya faɗi da fiye da kashi 60 cikin 100 a 2022.

Akwai kuma batun lamiri. Ba kai ke zaɓar wanda kamfani zai sayar wa aikinka ba. A 2018 dubban ma'aikatan Google suka sa hannu a takardar ƙin amincewa da wata kwangila da ma'aikatar tsaron Amurka ta tantance hotunan jirage marasa matuƙa, kamfanin kuma ya ce ba zai sabunta ta ba. A Afrilun 2024 kuwa, da wasu ma'aikata suka yi zaman dirshan a ofis kan kwangilar Nimbus ta dala biliyan 1.2 da Google da Amazon suka ƙulla da gwamnatin Isra'ila, kamfanin ya kori 28 a tashin farko. Kowa ya san inda iyakarsa take, amma gara mutum ya yi wa kansa wannan tambaya tun kafin ya sa hannu.

A ƙarshe, a lura da wanda ya ɗauke ka. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa a 2019 ma'aikatan wucin gadi da 'yan kwangila a Google sun kai 121,000, sun fi ma'aikatan dindindin 102,000 yawa. Ɗan kwangila na iya yi wa babban kamfani aiki kullum, amma albashinsa da haƙƙoƙinsa suna hannun wani kamfani ne daban. Da yawa daga guraben da ke isowa ƙasashenmu irin waɗannan ne, don haka a karanta takarda da kyau a ga sunan wa ke sama.

To ƙaramin kamfani ya fi ke nan?

Wani zai ce ai duk abin da na lissafa, a ƙaramin kamfani ya fi muni. Yana da gaskiya ta fuskoki da dama. Sababbin kamfanoni da yawa ba sa daɗewa. Ana iya shafe watanni ba albashi, hannun jarin da aka yi maka alƙawari na iya zama takarda kawai, kuma in mai kamfanin ba shi da hali babu ofishin da za ka kai ƙara. Wanda babban kamfani ya sallama a Amurka yakan tafi da albashin wasu watanni da suna mai buɗe ƙofa. Wanda ƙaramin kamfani ya rushe da shi sau da yawa hannu rabbana yake fita.

Shi ya sa ban ce a guji babban kamfani ba. Bambancin shi ne ma'aikacin ƙaramin kamfani ya san yana cikin haɗari, don haka idonsa a buɗe yake. Na babban kamfani kuwa ginin gilashi da abinci kyauta da maganar cewa "mu iyali ɗaya ne" sukan sa shi barci. Ranar da saƙon sallama ya zo, sai a tarar ya ɗauki bashin gida da na mota bisa lissafin hannun jarin da bai shigo hannu ba, ya kuma shekara biyar bai yi intabiyu ko ɗaya ba.

Shawarata

In ka samu gurbin, ka yi godiya ka shiga. Amma tun ranar farko ka rubuta wa kanka abin da kake son koya, ka riƙa duba shi duk shekara. Ranar da ka ga kana maimaita abu ɗaya kuma hannun jari kaɗai ke riƙe da kai, to ka fara tunanin sauya rukuni a cikin kamfanin ko sauya wuri.

Ka gina rayuwarka a kan albashin wata, ka ɗauki hannun jari a matsayin rara. Ka ajiye abin da zai riƙe ka da iyalinka wata shida ko fiye in aiki ya tsaya. Ga wanda dangi ke dogaro da shi wannan yana da wuya, amma ya fi sauƙi a kan ka wayi gari ba ka da abin aika wa kowa.

Ka binciki manajan da za ka yi aiki a ƙarƙashinsa da rukunin da za a saka ka kamar yadda ka binciki sunan kamfanin. Mutum biyu a kamfani ɗaya, ɗaya yana jin daɗi ɗaya yana ƙirga kwanaki, kuma yawanci bambancin manaja ne. Ka tambaya ko manhajar da za ka yi wa aiki tana kawo wa kamfani kuɗi, domin irinta ce aka fi jinkirin taɓawa ranar rage ma'aikata.

Ka riƙa ajiye bayanin ayyukan da ka kammala, ka kuma koyi faɗinsu ba tare da jin nauyi ba. Ka ci gaba da taɓa kayan aikin da duniyar waje ke amfani da su, gwargwadon abin da yarjejeniyar aikinka ta yarda. Kada ka yanke zumunci da abokan sana'a na wajen kamfani, domin su ne za su tuna da kai in ƙofa ta rufe.

Wanda kuma bai samu shiga ba kada ya ɗauka an gama da shi. Brian Acton ɗin nan ya nemi aiki a Twitter da Facebook a 2009, duka biyun suka ƙi ɗaukarsa, bayan shekara biyar Facebook ya sayi kamfaninsu. Shola Akinlade da Ezra Olubi a Legas suka kafa Paystack, kuma a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi kan fiye da dala miliyan 200. Ba kowa zai kai nan ba, amma hanyar ba ɗaya ba ce.

Mutanen ofishin Accra sun yi aikinsu, wani kuma a can San Francisco ya yi lissafinsa. Kamfani na iya karɓe katin shiga ofis da kwamfutar aiki cikin minti ɗaya. Abin da ba zai iya karɓewa ba shi ne abin da ka koya, da abin da ka ajiye, da mutanen da suka san hannunka. Waɗannan ukun su ne ribar ci-ranin, kuma tun kana ciki ake tara su.